Ranar Da Na Aske Zakarun Biki

Ba zan taɓa mantawa ba, wata Lahadi ce a unguwar Zogbeli ta garin Tamale, ranar bikin ƙanwar saurayina Mutala, ranar da na shiga gidan mutane da niyyar zama surukar kirki, saura ƙiris in fito da sunan matsafiya. Har yau in abin ya faɗo mini sai na rufe fuska da tafin hannu, ko da ni kaɗai ce a ɗaki, daga baya kuma dariya ta ƙwace mini.

Bari in fara da aikina, don in ba haka ba za ku ce da ma can ba ni da hankali. A lokacin ina karatun digiri na biyu, kullum a ɗakin bincike, wato lab, nake wuni. Abin da muke haɗawa sunansa haidirojel. Kada sunan ya tsorata ku, wani abu ne mai laushi, garai-garai, kusan dukkansa ruwa ne amma ya kame, kamar kafa, wato agidi, in ta huce a ganye. Ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙwaƙwalwar mutum ba a kan iska suke zaune ba. Allah ya yi musu shimfiɗa mai laushi da danshi, kuma babban abin da ke cikin shimfiɗar wani irin sukari ne mai dogon zare, mai yauƙi kamar miyar ayoyo, ana ce masa hayaluronik asid. In hatsari ko hawan jini ya lalata wani sashe na ƙwaƙwalwa, wurin yakan zama rami, shimfiɗar ta tafi. Mu kuma burinmu mu haɗa wata irinta, mu ga ko ƙwayoyin za su yarda su kwanta a kai su yi rassa. (Mahaifiyata ta taƙaita bayanin nan duka da cewa ina dama wa ɓeraye koko.)

Matsalar ita ce garin sukarin daga waje ake odarsa, namu kuwa ya yi wata da watanni a hanya, kullum sai a ce gobe. Malamina ya ce kafin ya iso in gwada tsohuwar dabara, ana iya tatso shi daga zankon zakara, wannan jan naman da ke tsaye a kansa. Da jin haka na ce ai an gama. Ashe ban san garinmu ba. Tamale garin zabi ne, zabo kuwa ba shi da zanko, sai wani ɗan ƙaho mai tauri. Kajin firiza da ake shigowa da su a kwali ko kai ba su da shi, balle zanko. Sai in hau moto, wato babur, in zagaye kasuwa, in leƙa har Kalpohin wajen masu fige kaji, in dawo da zanko uku, ɗaya ma ya bushe. Na kai matsayin da in zakara ya gitta a gabana ba na ganin tsuntsu, kansa kawai nake kallo.

To, ga Mutala. Shekara biyu muna tare, iyayena sun yarda, saura mahaifiyarsa ta ba da izini a kai goron tambaya gidanmu. Hajiya kuwa ta ƙi cewa e, ta ƙi cewa a'a. Wani ya kai mata labari wai yarinyar da ɗanta yake nema yanka ɓeraye take yi tana wasa da ƙwaƙwalwarsu. Abin da Hajiya ta ce kawai shi ne, “Ta zo bikin Rukaya ta taya mu aiki, in gan ta da idona.” Kowa ya san ma'anar wannan. Ba yankan albasata ake buƙata ba, ni za a duba.

Ana gobe biki Mutala ya zaunar da ni kamar mai shirya ɗalibi jarrabawa.

“Abeg, don Allah, gobe babu lab, babu ɓera, babu ƙwaƙwalwa. In an tambaye ki aiki, ki ce makaranta kike. Ki durƙusa, ki gaida kowa, abin da aka ba ki ki yi. Rana ɗaya ce kawai.”

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ni ba yarinya ba ce. Da bakina na faɗa.

Da sassafe na isa, cikin leshin anko ruwan madara, na ɗaura tsohon zani a kan leshin, ga farar jakar hannu da na ara wajen yayata. Na bi tsofaffi ɗaya bayan ɗaya ina durƙusawa, masu “ina kwana” na yi musu, masu gaisuwar Dagbanci ta “dasiba” na amsa “naa, naa” har gwiwoyina suka fara ƙara. Hajiya ta dube ni daga ɗankwali zuwa takalmi, ta ce, “Sannu da zuwa,” ta miƙa ni hannun Mma Sanatu.

Mma Sanatu maƙwabciyar Hajiya ce kuma aminiyarta tun suna amare, 'yar Dagomba, gajeriya, mai murya kamar lasifikar masallaci. Duk bikin da za a yi a unguwar ita ce shugabar tukwane. (A Hausarta kowa “kai” ne, mace da namiji, har Hajiya.) Ta danƙa mini wuƙa da kwandon albasa.

“Kai ne yarinya na Mutala? To zauna, mu ga hannu.”

Na zauna na nuna hannu. Wallahi na yi ƙoƙari. Hayaƙi ya cika mini ido, albasa ta ƙara, ban ce uffan ba. Har na ji wata tana raɗa wa wata cewa 'yar bokon ba ta da girman kai. Ina cikin jin daɗin wannan ne Mma Sanatu ta aike ni bayan katanga in ɗauko faranti.

Farantin yana kife a kan wani daro. Na ɗaga shi. Jama'a, kawunan zakaru ne cike da daron! Kawun ango ne ya aiko da su daga gonarsa ta wajen Sagnarigu, zakarun gida manya-manya, sama da ashirin, yanzu aka yanka, ko ruwan zafi bai taɓa kawunan ba. Zankayen nan jajaye, masu kauri, suna sheƙi. Aikin wata biyu ne kwance a gabana, an rufe shi da faranti.

Na san abin da za ku ce, me ya hana ki tambaya? Ai na yi tunanin haka. Amma in na tambaya za a ce me za ki yi da shi, in na amsa kuma ga lab, ga ɓera, ga ƙwaƙwalwa, duk abin da na yi alkawarin bari a gida. Sai zuciyata ta ce, wa yake cin zanko? Ai zubarwa za a yi, taimakon shara ma za ki yi musu. Na waiwaya hagu da dama, ba kowa. Wuƙar albasa tana hannuna. Hannun da ya saba aikin ɗakin bincike kuwa ba ya ɓata lokaci, kafin a karanta Fatiha uku na bi su ɗaya bayan ɗaya na aske su tas. Na zuba a baƙar leda, na biya ta wajen duron da aka jiƙa lemo na tsinci gutsattsarin ƙanƙara na haɗa (zanko in ya ji zafi ya lalace, wannan kam ban manta ba), na ƙulle, na cusa a farar jakar yayata. Na koma kan albasata da fuskar salihai.

Abin da ban sani ba, kuma duk unguwar ta sani, shi ne kai da ƙafar duk kazar biki haƙƙin shugabar tukwane ne. Da su Mma Sanatu take yi wa tsofaffin da suka sha hayaƙi farfesu in taro ya watse. Zankon kuwa nata ne ita kaɗai, don haƙoranta sun yi saura kaɗan, shi ne naman da ba ya yi mata gardama.

Ba a jima ba muka ji ihu daga bayan katanga. Sai ga ta da daron a ka, ta dire shi tsakiyar gida.

“Oi! Ku zo ku gani! Zakara duka, kai babu hula! Wane ne ya yi wannan aiki?”

Mata suka yi caa a kan daron. Wata ta ce mage ce. Mma Sanatu ta ce magen da ta iya riƙe wuƙa ta zo ta taya ta yankan kabeji. Wata tsohuwa ta ɗaga kai ɗaya ta juya shi, ta ga yadda yankan ya tafi sumul, ta yi salati, ta ce wannan ba aikin yunwa ba ne, aikin asiri ne, wani ne yake so ya ɗaure auren Rukaya. Nan take na ga fuskar Hajiya ta canja, ta dubi ƙofar ɗakin da amarya take.

Nan ne ya kamata in miƙe in ce ni ce. Ban miƙe ba. Na ma matso cikin taron, na kama haɓa, ina girgiza kai ina cewa, “Subhanallahi, mutane ba sa tsoron Allah.” Ni ɗin nan, jakar tana rataye a kafaɗata, sanyin ƙanƙara yana ratsa mini haƙarƙari.

Mma Sanatu ta ɗaga hannu sama.

“Wanda ya aske zakara na, Allah ya aske shi! Gashi na kai shi ya zube duka, ko ɗaya kar ya saura!”

Mata suka ce amin. Ni kuwa, don kada a ga bakina a rufe, na ɗaga murya na ce “Amin!” har ta fi ta kowa. Hajiya ta juyo ta dube ni, ta gyaɗa kai, ta ce wa ta kusa da ita, “Yarinyar nan tana da kishin gida.”

Wannan amin ɗin ita ta kashe ni. Niyyata in sulale in hau yelo-yelo, keken haya mai ƙafa uku, in kai ledar firijin gidanmu in dawo, amma daga lokacin Hajiya ta riƙe ni gam. Zo ki riƙe mini mayafi. Zo ki gaida ƙanwata ta Kumasi. Zauna nan kusa da ni. Abin da na yi shekara biyu ina roƙon Allah ya ba ni, ya ba ni shi a ranar da nake neman hanyar gudu. Sau biyu na shiga banɗaki da niyyar zubar da ledar, sau biyu na buɗe na ga zankayen nan na kasa. Kwaɗayi mabuɗin wahala, ko da kuwa kwaɗayin ilimi ne.

Bayan azahar aka fito da amarya, aka zaunar da ita a kan darduma tsakiyar ƙawayenta, makaɗa suka shigo da kalangu da ganga. Rana kuwa ta Tamale ce, ba ta san anko ba, ba ta san ƙanƙara ba. Ku da kuka san bikinmu kun san in makaɗi ya zo ya tsaya a gabanka ya durƙusa yana kiɗa, ba ka da mafita sai ka tashi ka taka. Suka bi manya, suka bi dangi, sai na ga Hajiya ta nuna ni da baki. Babban makaɗin ya zo ya tsaya a gabana.

Na cire tsohon zanin, na tashi, jaka a hammata, na matse ta kamar za a ƙwace. Na fara takawa a hankali. Mata suka ɗau guɗa. Na hango Mutala can wajen maza yana washe baki, har yana ɗaga mini babban yatsa. Kiɗan ya yi daɗi, ni ma kaina ya ɗau zafi, na manta da komai, na juya, na karkace, na ƙara matse jakar.

Sai na ji wani sanyi yana gangara mini daga haƙarƙari zuwa ƙugu.

Na duba. Ruwa ne ja-ja yake tsiyaya daga gindin jakar, ya zana hanya a kan leshina ruwan madara, yana ɗiga a ƙasa. Kafin in san abin yi Mma Sanatu ta hango.

“Wayyo! Yarinya ya ji ciwo! Jini, jini! Ku tsaya da ganga!”

Kiɗa ya tsaya cak. Ta rugo ta kama ni tana laluben inda na yanke, ina cewa, “Ba komai, Mma, sobolo ne ya zube,” wato zoɓo, tana cewa, “Sobolo a cikin jaka?” Ta fizge jakar, ta zuge, ta zaro ledar. Ledar da ta sha matsa tun safe ta ce ita ma ta gaji. Ta fashe a hannunta, zankaye suka watsu a kan darduma, ɗaya ya faɗa daidai kan ƙafar amarya mai lalle.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Gida cike da mutane, amma har kukan akuyar maƙwabta ana ji. Rukaya ta janye ƙafarta a hankali. Babban yatsan Mutala yana nan a sama, ya manta bai sauke ba. Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ƙasar Zogbeli ta ce ba ruwanta.

Mma Sanatu ta tsinci zanko ɗaya, ta dube shi, ta dube ni.

“Kai? Kai da ya ce amin da ƙarfi?”

Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wa makaɗa su ci gaba, ta kama hannuna ta ja ni ɗakinta, Mma Sanatu ta biyo mu da zankayen a bakin zani, ta turo ƙofa. Na zube a ƙasa. A raina na riga na yi ban kwana da Mutala, har na fara tunanin yadda zan gaya wa mahaifiyata.

“Ɗiyata za ki ɗaure, ko ɗana?” in ji Hajiya.

Na fashe da kuka, kuma cikin kukan na karya duk alkawarin da na yi. Lab, ɓera, ƙwaƙwalwa, ban rage komai ba. Na ba su labarin shimfiɗa da rami, da garin da ya maƙale a hanya, da yawon da nake yi a moto ina farautar zanko uku. Ina yi ina jan majina ina kwatance da hannu. Ban taɓa yin bayanin aikina da Hausa tsantsa ba sai ranar, kuma ban taɓa yin sa a durƙushe ba.

Hajiya ta ɗaga labulen taga. Daga nan ana hango Alhaji, mahaifin Mutala, zaune a kujerarsa a inuwa, hannunsa na dama kwance a cinya. Shekara uku ke nan da hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki.

“Wannan abin naki,” ta ce, “zai tayar da hannun Alhaji?”

Wallahi na ga ƙofa a buɗe. In na ce e, na tsira, har ma in zama gwana. Bakina ya buɗe zai faɗa. Amma ƙarya biyu na riga na yi tun safe, kuma duk sun fashe a kan darduma.

Na ce, “A'a, Hajiya. Ba yanzu ba. Ko kan mutum ba a kai ga gwadawa ba a wajenmu, a ɗan faranti muke yi. Wataƙila jikokinmu su amfana, wataƙila ma ba zai yi ba. Amma Alhaji kam, kada ya bar maganinsa da motsa jikin da likita ya ce.”

Ta saki labulen. Ta ce, “Shekara uku, duk wanda ya shigo gidan nan da ƙullin magani cewa yake yi sati biyu Alhaji zai yi gudu. Ke ce ta farko da ta ce a'a.” Sai na ga gefen bakinta yana rawa. “Ɓarauniyar zanko dai, amma ba 'yar damfara ba.”

Mma Sanatu ba ta huce ba. “To don me kai bai tambaya? Ni Sanatu, zan hana mutum kai na kaza? Da ka ce, mu raba, rabi na asibiti, rabi na baki na!”

Na ce kunya na ji. Ta ce kunyar da ta iya riƙe wuƙa ba kunya ba ce. Nan Hajiya ta kasa daurewa, ta tuntsire da dariya har tana riƙe ciki, tana maimaita “Subhanallahi, mutane ba sa tsoron Allah” da irin muryata, har da kama haɓa. Da ta samu numfashi ta share hawaye da bakin mayafi, ta juya wajen aminiyarta.

“Sanatu, janye addu'ar nan taki tun ba ta kama ba. Ni ba na son suruka mai sanƙo.”

Sai da maganar ta yi zagaye biyu a kaina kafin na gane abin da na ji. Suruka. Na ɗago kai na dube ta, ta harare ni ta ce in tashi in canja kaya, na ɓata musu anko. Mma Sanatu ta ɗora tafin hannunta mai ƙanshin albasa a kan ɗankwalina, ta yi 'yan maganganu da Dagbanci, ta ce ta janye, amma rabi kawai, sauran rabin sai ta ga yadda nake tuƙa tuwo. Aka raba zankayen a kan murfin kwano, ta zaɓi manyan. Nawa kason aka sa mini a firijin Hajiya, kusa da naman biki.

Da na fito cikin aron atamfar Hajiya, ita da kanta ta tsaya tsakiyar gida ta ce ba asiri ba ne, aikin makaranta ne, na gyaran ƙwaƙwalwa. Wata tsohuwa ta ce to a fara da ta mai gyaran. Gida ya kwashe da dariya, har amarya a ƙarƙashin mayafi, makaɗa kuma suka dawo gabana suka sa na ƙarasa rawar da na bari. Mutala bai yi mini magana ba sai da yamma, shi ma abin da ya iya cewa kawai, “Rana ɗaya fa na ce. Ɗaya!”

Bayan sati uku aka kai goro gidanmu. Haidirojel ɗin da na haɗa da kasona ya kame kyau, ƙwayoyin ma sun ɗan yi rassa a kai, ko da yake malamina ya ce da sauran aiki mai yawa. A Zogbeli kuwa ba wanda ya damu da sunana na yanka, Amaryar Zanko ake ce mini, har yaran da aka haifa bayan abin.

Darasin da na koya ba shi da tsawo. Abin da za ka roƙa a ba ka rabi, kada ka sace shi duka. In kuma ka riga ka sata, aka ɗaga hannu ana addu'a, to ka yi shiru da bakinka. Ni dai har yau in ina taje kai na ga gashi ya yi yawa a matsefi, sai in tuƙa tuwo mai kyau in aika wa Mma Sanatu.